Sun ce fayil na kwana a teburina

Mutumina,

Assalamu alaikum. Kafin ka buɗe baki, na sani, wata huɗu ban ce maka uffan ba, ko barka da Sallar da ka aiko ban amsa ba. Na karɓi laifina. Amma wanda ya gudu ƙasar da ba a ɗauke wuta ba shi da bakin yi wa ɗan Kubwa gorin jinkiri. Ya Malesiya, ya karatu, ya uwargida da 'yan biyu? Maganar sabunta hutun karatunka da ka ce in bincika maka tana raina, ban manta ba.

An tura ni kwas, Dakta. Ni ɗin nan da ka sani. Mako biyu a ASCON, can Topo ta Badagry, kwalejin nan da tun 1973 take horar da ma'aikatan gwamnati, wadda muke jin sunanta a bakin malamanmu na Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kamar wata Makka. Gaskiya ba ilimi ne ya fara zuwa raina ba da na ga sunana, lissafin alawus na fara yi. Kuma na ci kifi da kwakwa har sai da cikina ya yi ƙara. Ranar Asabar aka kai mu gidan benen nan na tarihi da aka gina a 1845, aka tsallaka da mu ruwa a kwalekwale zuwa gaɓar da ake loda bayi a da. Ka tuna yadda ka ƙanƙame ni a dam ɗin Tiga? To wannan karon ni na ƙanƙame wani mataimakin darakta ɗan Inugu, har yau yana kirana yana dariya.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Kafin mu tafi an ba mu wani fom mu raba wa waɗanda ke ƙarƙashinmu, su cika ba suna, su liƙe a ambulan. Na raba wa mutum tara ina murmushi, don a ganina ba ogan da ya kai ni sauƙin kai. Rana ta uku aka miƙa wa kowa nasa a aji. Bakwai cikin tara magana ɗaya suka yi: oga mutumin kirki ne, amma fayil in ya shiga ofishinsa sai ta Allah. Wani ya rubuta wai ban taɓa cewa "kun yi daidai" ko "kun yi kuskure" ba, sai dai in bi aikin mutum da jan biro in sake rubuta shi da kaina. Ba suna, amma hannun Baba na rajista ne, ko a mafarki na san yadda yake lanƙwasa harafin g.

Malamin da ya ɗauke mu darasin, wani babban sakatare mai ritaya, ya ce yawancinmu an ɗaga mu ne don mun iya rubuta takarda, sannan aka damƙa mana mutane ba wanda ya koya mana riƙonsu. Na ji kamar da ni kaɗai yake. Shekara biyar ina shugabantar sashe, ina mataki na 14, amma ban taɓa zaunar da mutum na faɗa masa gaskiyar aikinsa ba. Ka san yadda muke yi da fom ɗin APER, na auna aikin ma'aikaci duk shekara: ƙarshen shekara kowa ya kawo, ka zabga masa maki mai kyau ka sa hannu, don kada a ce kai ka tare wa wani ƙarin girma. Yanzu kuwa an ce a bar wannan a koma sabon tsarin auna ƙwazon aiki na PMS da aka faro tun zamanin tsohuwar shugabar ma'aikatan tarayya Folasade Yemi-Esan, Didi Walson-Jack kuma ta ɗora a kai bayan ta karɓi shugabancin ma'aikata a 2024. Tun farkon shekara za ka zauna da kowane ma'aikaci ku yi yarjejeniya kan abin da zai cim ma, sannan ku riƙa waiwaya ido da ido. A takarda abin sha'awa. To ni zan zaunar da Baba, mai shekara 58, saura biyu ya yi ritaya, wanda ke ce mini "yarona", in ce masa aikinsa da saura?

Na tayar da wannan a aji, aka yi ta cacar baki. Wasu suka ce aiki aiki ne, ba ruwan gwamnati da furfura. Wata Hajiya 'yar Zazzau ta ce musu a wurinmu in ka kira dattijo ofis ka karanta masa laifinsa, ka rasa shi, ka rasa duk wanda ke kallon bakinsa. Ta ce mini: "Kai ka je wurinsa, kada ka aika masinja."

Af, kafin in manta, Dogo ya ƙara aure. Eh, Dogon da ke cin bashin kuɗin mota. An ɗaura a Funtuwa, an tambaye ka, na ce kana can kana ƙirga ruwan sama.

Da na dawo na bi shawarar Hajiya. Na sauka rajista bayan azahar, na zauna a bencin nan mai ƙafa ɗaya gajeriya, na ce Baba, fayil na daɗewa a sashen nan, me ka gani? Bai ce komai ba. Ya jawo wani ƙaton littafi mai baƙin bango da aka ɗaure da robar taya, ya lashi yatsa, ya fara buɗewa. Kowane fayil da ranar da ya shigo da ranar da ya fita, da hannunsa. A wurinsa kwana ɗaya, in ya yi yawa biyu. A teburina kwana goma sha ɗaya, sha tara, wani na kuɗin fanshon wata bazawara har kwana 34. Ya rufe littafin ya ce, "Yarona, ka sha shayi?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Yanzu na raba aikin. Yarinyar nan ta mataki na 8 da nake ganin ba ta iya komai ba, na bar mata wata takarda zuwa ga darakta, na zauna kan hannuna don kada in ɗauki jan biro. Ta wuce ba gyara. Na ji daɗi, na kuma ji wani ɗan haushi, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ke damuna shi ne ko zan ɗore, don jiya ma na kama kaina ina cusa fayil uku a jaka zan tafi da su gida. Ga jarrabawar ƙarin girma na tafe, in na haye mataki na 15 sai maganar zuwa kwas a Kuru, cibiyar horar da manyan jami'ai kusa da Jos, ta fara yi mini yawo a ka, ko da yake wannan sai manya, kuma ka san ba a zuwa can da tsohuwar mota irin tawa.

Gyaran motar ma wani labari ne, bakaniken ya riƙe ta kwana tara. Na je zan yi masa faɗa sai na tuna littafin Baba, na gaishe shi na dawo.

An kira isha'i. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan 'yan biyu. In za ka aiko da shayin nan, mai jan kwali nake so, ba irin na bara mai ɗanɗanon magani ba.

Naka,
Abokin ɗakinka na Kongo