Amsa ga ƙanena: ba sai ka bar aikinka ba

Ƙanena cikin Ubangiji,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu. Ka tambaye ni a gaban jama'a, ka ce kai ma'aikaci ne, ba fasto ba, ba mai bishara ba. Ran Lahadi zuciyarka takan cika da murna, amma da ka koma bakin aiki sai ka rasa inda bangaskiyar ta shiga. Shin sai mutum ya ajiye sana'arsa ya shiga hidimar ikilisiya kafin ya zama Kirista na gaske? Tun da a fili ka tambaya, a fili zan amsa, don na san ba kai kaɗai wannan abu yake ci wa tuwo a ƙwarya ba.

A'a, ba sai ka bar aikinka ba. An taɓa yin irin wannan tambaya a bakin Kogin Urdun, tana nan a Luka 3:10-14. Mutane suka ji wa'azin Yahaya Mai Baftisma, suka ce, to me za mu yi? Ya ce wa taron, mai riga biyu ya ba marar riga, mai abinci ma ya yi haka. Sai masu karɓar haraji suka matso. Ka san yadda aikinsu yake a ƙarƙashin mulkin Roma: akwai abin da aka yanka musu su tara, duk abin da suka ɗora a kai kuwa aljihunsu yake shiga, shi ya sa jama'a suka tsane su. Yahaya ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka umarce su. Sojoji ma suka tambaya, ya ce kada su ƙwaci kuɗin kowa da barazana ko da ƙazafi, su gamsu da albashinsu.

Ka lura, shi Yahaya a jeji yake zaune, amma bai ce wa ko ɗayansu ya biyo shi jeji ba. Ya mayar da kowa bakin aikinsa, ya nuna masa daidai ƙofar da zunubi yake shigowa a wannan aikin. Kowace sana'a tana da tata ƙofar. Ta ɗan kasuwa ma'auni ne da ɓoye aibin kaya. Ta ma'aikacin ofis sa hannu ne a kan abin da bai faru ba, da cin lokacin da ake biyansa dominsa. Ta shugaba kuwa yadda yake yi wa na ƙasa da shi magana, wanda ba shi da ikon ramawa. Ka san taka ƙofar fiye da ni. A nan bangaskiyarka take daga Litinin zuwa Asabar, kuma a ganina tsayawa a wannan ƙofa ya fi jagorar waƙa a majami'a wuya nesa ba kusa ba, domin babu mai tafa maka.

Ubangijinmu da kansa yana da shekara wajen 30 ya fara hidimarsa a fili, kafin nan kuwa mutanen garinsu masassaƙi suka san shi (Markus 6:3). Manzo Bulus ma ya ci gaba da ɗinkin tanti yana shelar bishara. Shi ne ya rubuta wa Kolosiyawa cewa duk abin da suke yi su yi shi da zuciya ɗaya, kamar Ubangiji suke yi wa, ba mutane ba. Ka tuna bayi yake yi wa wannan magana, mutanen da ba su zaɓi aikinsu ba.

Bayan aiki sai harshe. Yakubu ya ce wanda yake ganin shi mai addini ne amma bai kame bakinsa ba, addininsa banza ne (Yakubu 1:26). Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wanda ya fi shan zafin harshenmu kuwa yawanci ba baƙo ba ne, na cikin gida ne: mata, miji, yara, iyayen da suka tsufa. Abin baƙin ciki ne a san mutum da fara'a a waje, iyalinsa kuwa su yi tsit in sun ji takunsa.

Kada ka ɗauka ina cewa da halin kirki za ka sayi ceto. Afisawa 2:8-9 ta rufe wannan hanya: ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba. Amma mutane sukan tsaya a nan su manta da aya ta 10, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Ƙauna da haƙuri da tawali'u da kamunkai da sauran abin da Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa, Ruhu Mai Tsarki ne yake haifar da su a cikin mutum. Shi ya sa addu'a da karatun Maganar Allah ba abin da za ka jingine ba ne don aiki ya yi yawa, ko kaɗan ne ka yi kullum.

Za ka yi tuntuɓe, wannan babu shakka. In ka yi, ka furta ga Allah, sannan ka gyara da wanda ka cuta. Zakka, shugaban masu karɓar haraji, bai tsaya ga nadama a baki ba, ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). Ba kuma zan ɓoye maka ba, gaskiya tana da tsada. Wani ya rasa ƙarin girma saboda ya ƙi sa hannu, wani abokai sun guje shi.

Amma irin wannan rayuwa ce ta sa duniya ta juyo ta dubi ikilisiya tun farko. A shekara ta 362 sarkin Roma Yuliyan, wanda ya juya wa Kiristanci baya ya koma bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist ɗinsa na Galatiya yana kukan cewa Kiristoci suna ciyar da nasu matalauta har da na masu bautar gumaka. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida, kuma ba wa'azi ya gani ba, ciyarwa ya gani.

Ba ka faɗi irin aikin da kake yi ba. Ka rubuto ka gaya mini, mu duba tare inda jarabarsa take, in kuma sa ka cikin addu'a a kan wannan takamaimai. Ka gaida mutanen gida.

Naka cikin Almasihu,
Yayanka