Masu horar da yara ƙwallon kwando a Damagaram su dubi Steve Kerr

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu ja hankalin masu horar da yara ƙwallon kwando a nan Damagaram kan Steve Kerr na Amurka. Bai fi sauran ƴan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tsawo ko ƙarfi ba, jifa daga nesa ce ta ɗaukaka shi: cikin kowace jifa 100 ta maki uku, kusan 45 na shiga. Ya ci kofi 5 yana ɗan wasa, uku da Chicago Bulls daga 1996 zuwa 1998, biyu da San Antonio Spurs a 1999 da 2003. Da ya karɓi horar da Golden State Warriors a 2014 ya ƙara 4.

Darasin da ke cikin labarinsa shi ne ƙwarewar jifa. Amma abin da ke damunmu a filayenmu, yaro ɗan shekara 10 a ba shi ƙwallon manya, lamba 7, ya tsaya bayan layin jifar maki uku, mita 6.75 daga kwando. Ƙarfinsa bai kai ba, sai ya tura ta da hannu biyu daga ƙirji, gwiwar hannu ta buɗe waje, kuma wannan ɗabi'a gyaranta wuya gare shi in ya girma. A ba shi ƙaramar ƙwallo, lamba 5. Ya fara da taku biyu daga kwando, hannu ɗaya, gwiwar hannu ƙarƙashin ƙwallo, ƙarfin ya taso daga ƙafafu. Sai ya zura 10 kafin ya ja baya taku ɗaya.

Lokacin hunturu kuma a share filin siminti kafin a fara, ƙura na sa santsi.

Wassalam,
Wasu masu horar da matasa, Zinder