Zuwa ga 'yata, kan jinyar maigidanki

Assalamu alaikum 'yata, ya mai jiki, ya kuma ƙoƙari? Allah ya ƙara sauƙi. Tun da muka yi waya jiya da daddare ban runtsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuto miki, don a waya kina kuka ina kuka ba abin da ke shiga kunne.

Kin ce wannan ce kwanciyar asibiti ta uku tun da aka sallamo shi da na'urar numfashi, wai kina ganin sakacinki ne ya jawo nimoniyar nan. Ki cire wannan a ranki. A aikin nas na tsufa, na san wanda lakarsa ta taɓu a wajen ƙashin wuya na 3 zuwa na 5, jijiyar da ke motsa numfashin ce ta samu matsala, ba ya iya tari mai ƙarfi, majina sai ta kwanta masa a huhu. Ga kuma bututun maƙogwaron nan, iska ba ta bi ta hanci balle ta ɗumama ta jiƙe, to a hunturun Kano da hazo da ƙura sai majinar ta yi kauri kamar kokon da ya kwana ta nemi toshe hanya. Don haka in kun koma gida kar tulun ruwan injin ya bushe, a ɗaga kan gadon kamar digiri 30, a wanke masa baki safe da yamma, a juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. In za ki tsotse majina kar ki wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a shiga ɗaya, ki bari ya huta. Da kin ga ta koma rawaya ko koriya, ko zazzaɓi, ko lambar oksijin ɗinsa tana sauka ƙasa da inda likita ya ce, ki kira kawai, kar ki ce bari gari ya waye.

Kin tuna daren da na kwana gidanku injin ya hau ƙara? Kika zabura kina danne-danne hannunki na rawa, ashe tiyon ne ya zame a ƙarƙashin bargo, shi kuwa bawan Allah yana ta nuna miki wajen da ido. Mutum ake fara duba kafin inji 'yata. In kin rasa gane matsalar ki cire shi daga injin ki sa masa ambu, jakar nan da ake hura masa iska da ita da hannu, kina matsawa, shi ya sa nake nacin a rataye ta a kan gadon tare da bututu na ajiya, irin nasa ɗaya da wanda ya ɗan fi ƙanƙanta. Batir kullum a cike, janareta kuma can nesa da tagarsa.

Maganar 'yan dubiya na san tana miki nauyi. Zumunci ne, amma mai mura ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi addu'arsa, turaren wuta kuma a bar shi kwata-kwata a ɗakin, balle ga oksijin. In kunyar Hajiyarsa kike ji ki sa babban wansa ya faɗa mata, zai fi daɗi daga bakinsa.

A asibitin kuwa ke ce bakinsa. Ke kike karanta leɓensa, ke kika san ƙyafta ɗaya "e" ne biyu "a'a", to duk nas ɗin da ta karɓi aiki ki gaishe ta da mutunci ki nuna mata. Ki riƙe ɗan littafi da saitin injinsa da lambar bututu da magunguna. In likitoci sun tsaya a kansa suna magana da ke kamar ba ya nan, ki ce ranka ya daɗe ga shi nan yana ji, a tambaye shi. Wallahi wannan ya fi yi masa ciwo a kan allura.

Abin da ya fi damuna dai ke ce. Kin rame, kin ce rabonki da barcin awa 4 a jere har kin manta, kuma duk gidan ba wanda ya iya tsotsar majina sai ke. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ke fa, wa zai riƙe ambu? Kafin a sallame ku ki roƙi nas-nas su koya wa ƙaninsa da ƙanwarki, su yi da hannunsu a gabansu har su saba, ko da ba su yi yadda kike so ba da farko ki danne zuciyarki ki bar su. Shi ma na ga yadda yake binki da kallo in kina gyangyaɗi a kujera, abin yana cinsa.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ina tafe da motar safe, zan karɓe ki kwana biyu ki je gida ki ga yara ki kwanta. Babanku yana gaishe shi, ya ce a faɗa masa kullum yana cikin addu'arsa. Ki ci abinci don Allah.

Mamanki.