Wasiƙa zuwa Yawuri a kan famfon jirginka

Jabi, Abuja

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ya ruwa, ya lodi? Mu nan sai godiya, aikin gyaran injinan jirage a bakin tafkin Jabi yana ta tafiya.

Ƙaninka ya kawo mini saƙonka. Ya ce in ka tada injin da safe ruwa ba ya fitowa ta salansa sai an jima, har sai ka ƙara masa wuta. Hankalina ya tashi da jin haka. Don Allah ka daina ƙara wutar nan. Farfelar da ke cikin famfon da ke jawo ruwan kogi don sanyaya injin ta roba ce, kuma ruwan da take ja shi ke sanyaya ta, shi ke sa ta santsi. In ta juya a bushe, nan da nan fukafukanta ke ƙonewa. Daƙiƙa 30 ta wuce ba ka ga ruwa ba, kashe injin.

Kada kuma ka yi gaggawar sayen sabon famfo. Galibi iska ce ke shiga. Famfon nan zuƙa yake yi, kamar mai shan lemo da tsinke. In tsinken ya huje, iska za ka yi ta ja. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ɓangaren da ke zuƙar ba ya ɗiga, sai ka duba ka ga ko'ina a bushe ka ce lafiya lau. Alhali da dare ruwan da ke cikin tiyo ya sulale ya koma kogi.

Ka fara da rariyar da ke tace ruwa. Cire leda da kainuwa, sannan ka duba zoben robar da ke ƙarƙashin murfinta, ko ya bushe ko ya tsage. Bi tiyon da hannu, ka ɗaure kowane kilif. Daga nan ka rufe makullin ruwan da ke ƙasan jirgi, ka zare tiyon da ke shiga famfo, ka tsoma shi a bokiti cike da ruwa, ka tada injin. Ya zuƙe nan take? To famfonka ƙalau yake, laifin yana baya, wajen tiyo ko rariya. In ya yi ta jan ƙafa, sai a buɗe shi.

A ciki ba farfela kaɗai ake dubawa ba, ko da yake da yawa nan suke tsayawa. Ruwan Neja a damina yashi ne da shi, kuma yashi na cin tagulla. Shafa cikin murfin famfon da yatsa. In ka ji zane-zane masu zurfi, ko sabuwar farfela ka sa ba za ta kama ruwa da wuri ba, don iska na kewayawa ta gefe. Murfin da bayansa ke sumul ana iya juya shi. Akwai kuma ɗan tudun ƙarfen da ke lanƙwasa fukafukan, shi ma yana cinyewa. Idan fiffike ya ɓalle, ka neme shi har ka same shi, domin gaba yake tafiya ya toshe ƙananan bututan da ke sanyaya injin.

Wajen sa sabuwar farfela ka shafa mata sabulun ruwa, ban da giris, yana lalata wasu robobin. Ka sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin murfi da famfo, ka taɓa bel ka ji ko ya saki. Ni a ganina, mai ɗaukar fasinja ya canza farfela duk shekara, ya kuma ajiye guda a jirgi, domin rayukan mutane ne a hannunsa.

Ka turo mini hoton murfin da lambar da ke jikin famfon ta WhatsApp, in sa a nemo maka kayan daga Legas. Ka gaida Hajiya da yara, da duk mutanen bakin ruwa.

Naka amini har kullum.