Kafin Safiyon Gidaje Ya Ɗauki Jakarsa Zuwa Ƙasar Waje

Assalamu alaikum, ya Edita. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da matasan da suka karanci ƙimanta gidaje da filaye, waɗanda ke shirin fita neman aiki Birtaniya ko ƙasashen Larabawa. Kuskurensu kusan iri ɗaya ne. Mutum ya ɗauka digiri da shekarun aikin da ya yi a gida sun isa su buɗe masa ƙofa, sai ya sauka ya tarar ba wanda zai bari ya sa hannu a rahoto ko guda.

Da farko, kalmar safiyo ta haɗa sana'o'i da ba sa maye gurbin juna. Akwai mai awon fili da kafa iyaka, akwai mai lissafin kuɗin gini, akwai mai duba lafiyar gini, akwai kuma mai ƙiyasta darajar kadara. Wanda ya rubuta duka huɗun a takardar neman aiki yana zaton zai burge, alhali ya nuna wa mai ɗaukar aiki cewa ba shi da ko ɗaya.

Shaidar da ta fi tsallaka iyaka a wannan sana'a ita ce zama cikakken mamba na RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi, wadda aka kafa a Landan a 1868. Matsayin da kamfanoni suka fi tambaya shi ne MRICS, wato na cikakken mamban ƙungiyar, kuma ana kai wa gare shi ta jarrabawar ƙwarewa da ake kira APC (ba jam'iyyar siyasa ba, don kada wani ya ruɗe). Mai digirin da ƙungiyar ta amince da shi, idan aikinsa bai kai shekara 5 ba, zai yi horo na wata 24, da aƙalla kwana 400 na aiki a rubuce. Mai shekara 5 zuwa 10 wata 12 zai yi, da kwana 200. Wanda digirinsa ba ya cikin jerin ƙungiyar yana da tasa hanyar, amma sai an fara tace takardunsa kafin a kira shi ganawa. Ana buƙatar mai ba da shawara wanda shi kansa mamba ne, da awa 48 na ƙarin ilimi a kowane wata 12 na horo, da bayanin wani aiki guda da mutum ya yi cikin shekara 2 da suka wuce, wanda bai wuce kalma 3,000 ba. Sannan a zauna ganawar awa ɗaya, minti 10 na farko mutum ya gabatar da aikin nasa, sauran kuma tambayoyi. Ƙungiyar na sauya ƙa'idojinta lokaci zuwa lokaci, don haka a karanta na shekarar da za a yi rajista.

Inda aka fi faɗuwa ba a lissafi ba ne. Kowace ƙwarewa da ake jarraba mutum a kanta tana da mataki uku, wato sanin abu, da aikata shi, da ba da shawara mai hujja. Yawancin baƙi a mataki na biyu suke maƙalewa, saboda sun saba cewa "mun yi", "kamfaninmu ya ƙiyasta". Masu jarrabawa kai suke son ji: wace hanya ka zaɓa, wacce ka ajiye, me ya sa, me ka gaya wa mai kadarar. Tambayar ɗa'a kuwa, irin su karɓar kyauta daga wanda kake ƙimanta masa gida ko yi wa mai saye da mai sayarwa aiki lokaci guda, amsa ɗaya mara kyau na iya rushe ganawar baki ɗaya. Shawararmu a nan ita ce a fara rajista da rubuta kundin aiki tun kafin a tashi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Aikin da ba shi da kwanan wata da sa hannun shugaba, a can kamar ba a yi shi ba ne.

Hanyoyin ƙiyasi ba sa canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, ko kwatanta cinikin maƙwabta ne, ko lissafin kuɗin haya, ko kuɗin sake gini. Abin da ke canzawa shi ne awo da doka, kuma su ne ke kayar da ƙwararre. A ɗauki awo. Murabba'in mita ɗaya daidai yake da murabba'in ƙafa 10.764, kuma a Dubai da Landan da ƙafa ake ciniki. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne sanin me za a auna. Ofis a Ingila bisa al'ada ana ba da hayarsa ne kan filin da ɗan haya zai iya amfani da shi, bayan an cire matakala da lif da banɗaki da ginshiƙai, alhali sito ana auna cikinsa ne daga bango zuwa bango. A ce ga ofis, bango zuwa bango ƙafa 2,150, filin amfani kuwa 1,800, haya fam 30 kowace ƙafa. Wanda ya yi amfani da awon farko ya ƙara fam 10,500 a hayar shekara. Idan ribar da masu zuba jari ke nema kashi 8 ce cikin ɗari, kuskuren hayar ya zama fam 131,250 a ƙimar kadarar, wadda ainihin darajarta fam 675,000 ce. Kusan kashi 20 ke nan, alhali kotunan Ingila galibi sassaucin da suke yi wa mai ƙiyasi bai cika wuce kashi 10 ba, sai in kadarar ta fita daban.

Doka ma haka. A Ingila da Wales, mafi yawan gidajen da ke cikin dogayen benaye hayar dogon zango ce ake saya, ba mallakar har abada ba, kuma da zarar shekarun da suka rage sun doshi 80 daraja ta fara zubewa, bankuna su fara ja da baya. Ɗan hayar shago yana da kariyar sabunta hayarsa a dokar masu gida da 'yan haya ta 1954 sai in an cire shi daga cikinta a yarjejeniya, kuma wannan layi ɗaya na sauya farashi. Scotland nata tsarin daban ne, tun Disamba 2008 mai sayarwa ne ke samar da rahoton gida kafin ya sa shi a kasuwa. A Dubai baƙo na mallakar gida ne a unguwannin da aka ware kawai, kuma mai ƙiyasi sai ya yi rajista da hukumar filaye ta masarautar. Saudiyya tana da hukumar masu ƙiyasi mai suna Taqeem, Amurka kuwa jiha-jiha ake ba da lasisi. MRICS ba ta ɗauke wa mutum ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Mai duba lafiyar gini kuma sai ya sake horar da idonsa. Wanda bai taɓa zama inda ake dogon hunturu ba zai ga baƙin tabo a kusurwar silin ya ce rufi ke yoyo, alhali tururin cikin ɗaki ne ke sauka kan bango mai sanyi. Na'urar gwada danshi ma tana ruɗi idan akwai gishiri a filasta. Duk ginin da ya girmi shekarar 2000 a Birtaniya ana zaton yana iya ƙunsar asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, domin sai a 1999 aka hana shi gaba ɗaya. Tun bayan gobarar benen Grenfell na Landan a 2017, ba a ƙimanta gida a dogon bene ba tare da tambayar me aka lulluɓe bangon waje da shi ba. A gaɓar Tekun Fasha kuwa gishiri ne babban maƙiyi, yana ratsa kankare ya sa rodi tsatsa har ya kumbura ya fasa shi.

Akwai maganar da ba a cika yi wa sabon zuwa ba, wato inshorar kuskuren aiki. A shari'ar Merrett da Babb ta 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ɗora wa safiyo ma'aikaci alhakin biyan diyya daga aljihunsa, saboda rahoton da ya sa wa hannu bai ambaci tsagewar da ke jikin ginin yadda ya kamata ba, kuma kafin a kai ƙara kamfanin ya karye, an soke inshorarsa. Saboda haka ranar ganawar ɗaukar aiki a tambaya kai tsaye: kuna da inshora, nawa take rufewa, kuma tana ci gaba da rufe tsofaffin ayyuka idan kamfani ya rufe? A riƙa ajiye hotuna da bayanan duk ziyarar da aka kai, har da wuraren da aka kasa shiga da dalilin hakan.

Batun biza ba za mu tsawaita ba. A Birtaniya kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi ne ke ba da takardar ɗaukar nauyi, sunayen waɗannan kamfanoni kuma suna shafin gwamnati kowa na iya dubawa. Duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi ya sayo takardar, a guje shi. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sai an tantance digiri an buga masa hatimi, kuma a lura da yadda aka raba albashi. Kuɗin sallama kwana 21 ne na ainihin albashi a kowace shekara cikin 5 na farko, ban da alawus. Wanda ke karɓar dirhami 20,000 amma rabinsa alawus ne, sallamarsa 7,000 ce a shekara maimakon 14,000. Kafin sa hannu ake jayayya a kan wannan rabon.

A ƙarshe, sau da yawa aikin farko zai zo ƙasa da matsayin da mutum ya baro, mataimakin mai ƙiyasi ko mai kula da gidajen haya. Mu dai ba mu ga aibu a karɓa ba, muddin kamfanin ya rubuta a takardar aiki cewa zai ba da mai ba da shawara, ya biya kuɗin jarrabawa, ya kuma bari a riƙa fita duba kadara tare da manya maimakon zaman shigar da bayanai a kwamfuta.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu masu sana'ar ƙimanta gidaje da filaye