Tsuntsun da ke ƙirjin rigarka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kasuwa? Mu nan sanyi ya kankama, sai hamdala.

Kai da ba ka barin gidan kallon ƙwallo in Liverpool na wasa, na tabbata ba ka san asalin tsuntsun da ke rigarka ba. To, ba na kulob ba ne, daga hatimin gari suka aro shi. Sarki John ne ya kafa garin a 1207, kuma tsohon hatimin da ake bugawa a takardun gari wajen 1350 yana ɗauke da tsuntsu da reshe a bakinsa. Masana sun fi karkata ga cewa gaggafa ce, alamar Yohanna, wani waliyyin Kirista takwaran sarkin.

A 1644, lokacin yaƙin basasar Ingila, aka yi wa garin ƙawanya, hatimin ya ɓace. Aka ƙera wani, amma kwaikwayon bai fita ba, gaggafa ta koma kamar tsuntsun ruwa mai dogon wuya. Maimakon a gyara, sai aka bar shi haka. A 1797 hukumar tambura ta ƙasar ta rubuta shi a matsayin tsuntsun ruwa mai kamun kifi, reshen kuma ya zama ciyawar teku.

Manya biyu na tagulla suna saman ginin Royal Liver tun 1911, kowanne tsayinsa ƙafa 18. 'Yan gari kan ce macen na kallon teku tana jiran matuƙa jirgi, namijin kuma na leƙen gari ya ga ko an buɗe mashaya. Bajamushe ne ya zana su, Carl Bartels, amma da yaƙin duniya na farko ya ɓarke sai aka tsare shi, daga baya aka tasa ƙeyarsa zuwa Jamus.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne rubutun Latin da ke jikin tambarin: wai Allah ne ya ba su wannan hutu. Ka duba shekarar, 1797. A lokacin babu tashar jirgi a Turai da ta kai Liverpool safarar bayi. Jiragenta sun kwashi 'yan Afirka kusan miliyan ɗaya da rabi, da yawansu daga Bonny da Kalaba. Hutun da suke gode wa Allah a kai, gumin waɗannan bayin Allah ne. Sai a 1999 majalisar birnin ta nemi afuwa, kuma rubutun yana nan ba a taɓa shi ba.

Ka gaida Inna da su Maman yara. Idan mai zuwa ya samu, a aiko min da yaji da kuka, nawa sun ƙare.

Wassalam,
Naka har kullum