Inna, takwararki ta taka ƙasan teku

Assalamu alaikum Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya ƙarfin jiki? Mu ma muna nan lafiya, alhamdu lillahi.

Yaya ya ce hankalinki ya tashi da kika ji makaranta ta kwashi su Ummi zuwa bakin teku. Ki kwantar da hankalinki, Inna, da ni aka je, don malamarsu ta nemi wasu iyaye su yi rakiya.

Wurin gandun gwamnati ne a arewacin Jamus, ana ce masa Wattenmeer, ɓangaren jiharmu ta Hamburg kuwa tun 1990 aka keɓe shi. Sau biyu a rana ruwan teku yana janyewa, ya bar taɓo shimfiɗe iya ganinki, bayan kamar awa shida ya sake cikowa. Daga garin Cuxhaven na bakin teku har tsibirin Neuwerk ake zuwa a ƙafa ko a keken doki. Su Ummi ba su shiga ba sai da ɗan jagora wanda ya san lokutan ruwan. An ma kakkafa wasu kejuna na ƙarfe a kan dogayen turaku, duk wanda ruwa ya rutsa da shi sai ya haye ya jira ceto.

Jagoran ya haƙa taɓon ya zaro wata tsutsa mai kaurin yatsa. Ummin da ko kyankyaso ta gani sai ta yi ihu, ita ce ta fara miƙa tafin hannu! Ya nuna musu yadda tsutsar ke haɗiyar yashi, ta tsotse abincin da ke ciki, ta turo sauran waje a nannaɗe kamar taliya. Daga nan ya nuna tsuntsaye, ya ce miliyoyi ne ke yada zango a nan su yi ƙiba, wasunsu su nausa har gaɓar Muritaniya da Gini Bisau.

Ni dai a ganina wannan karatu ne sosai. Yarinyar da sai an matsa mata take buɗe littafin kimiyya, yanzu ita ke bin babanta da bayanin yadda wata ke jan ruwan teku. In sun sake shiryawa, ki sa mata albarka ta je.

Na tura hotuna a wayar Yaya, ki sa ya nuna miki. A gaida Baba da su Gwaggo.

'Yarki,
Maman Ummi